Raya Tsiro Daga Saiwa a Ɗakin Gwaje-gwaje: Inda Dabarar Ta Ci a Dangin Wake da Inda Ta Cije

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar ayyukan da aka gudanar kan fitar da cikakken tsiro daga guntun saiwa a cikin kwalba, musamman a tsirrai dangin wake. Ta nuna cewa nasarorin sun taru ne a kan tsirran da tun a daji sukan yi toho daga saiwa, da kuma wasu 'yan zuriyoyi da aka zaɓo da gangan. Wake da waken soya da gyada kuwa har yau ba su ba da kai ta wannan hanya yadda za a dogara da ita ba. A kan haka maƙalar ke ganin cewa ɗakunan gwajinmu su karkata renon saiwa zuwa ga gawo da makamantansa, su bar wa wake hanyoyin da suka riga suka karɓe shi.

1.0 Gabatarwa

Dangin wake, wato Fabaceae, shi ne na uku a girma cikin dangogin tsirrai masu fure, yana da nau'o'i kusan 20,000. Nan wake da gyada da gurjiya da waken soya suke, nan kuma gawo da bagaruwa da ɗorawa da tsamiya da ƙirya suke. Abin da ya fifita da yawa daga cikinsu yana ƙarƙashin ƙasa: ƙananan ƙululai a jikin saiwa, inda bakteriya ke zaune suna kama naitirojin daga iska suna mayar da shi abincin tsiro.

Sai dai masu renon tsirrai a kwalba sun daɗe da sanin taurin kan wannan dangi. Taba da karas suna biyayya cikin sauƙi, a yanki ganye ko saiwa a ɗora a kan abincin reno, bayan 'yan makonni a ga toho. Dangin wake kuwa sau da yawa sukan tsaya a rabin hanya: yankan ya kumbura, ya yi dunƙulen nama marar siffa da ake kira kalus, ya fitar da saiwoyi, amma kara da ganye su ƙi fitowa.

Duk da haka akwai dalilan da suka sa ake ta komawa ga saiwa. Tana yaɗuwa da sauri a cikin ruwan reno ba tare da haske ba, don haka kwalba guda kan samar da ɗaruruwan yanka masu asali ɗaya. Bakteriyar da ake amfani da ita wajen shigar da ƙwayar gado cikin tsiro tana kama ta da kyau. Sannan duk wanda ke nazarin ƙululai, ko cutar da ke shiga ta ƙasa, zai so ya sauya saiwar da yake nazari kuma ya fitar da cikakken tsiro mai iri daga ita ɗin. Abin da ya rage a tantance shi ne a wane tsiro wannan buri ke cika.

2.0 Asalin dabarar

Gottlieb Haberlandt ne ya fara faɗa a 1902 cewa kowane sel na tsiro yana ɗauke da ikon sake gina tsiron gaba ɗaya, kodayake bai iya nuna hakan a aikace ba. Abin lura shi ne matakan farko da suka tabbatar da maganarsa kusan duk a kan saiwa aka taka su. A 1934 Philip White ya nuna cewa kan saiwar tumatir zai ci gaba da girma ba iyaka a cikin ruwan gishirin ma'adinai da sukari da ruwan yis, muddin ana yankowa ana sauya masa ruwa. A 1958 F. C. Steward da Jakob Reinert, kowa a ɗakinsa, suka samu tayin tsiro daga naman saiwar karas. Shekara guda kafin nan, a 1957, Folke Skoog da Carlos Miller sun fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: idan sinadarin oksin ya rinjayi saitokainin sai saiwa ta fito, idan saitokainin ya rinjaya sai toho, idan suka yi kusan daidai sai kalus.

Abincin reno biyu ne suka fi shahara. Na Murashige da Skoog, wanda aka fitar a 1962 don taba, da na Gamborg da abokan aikinsa a Saskatoon ta Kanada, mai suna B5, a 1968. Shi wannan na biyun an haɗa shi ne musamman don renon sel ɗin saiwar waken soya. Sel ɗin sun girma, sun yi ta rabuwa, amma ba su zama tsiro ba. Tun daga nan aka ga matsalar da ke gabanmu har yanzu: ciyar da saiwar dangin wake abu ne mai sauƙi, juya ta ta yi toho shi ne aikin.

3.0 Yadda ake gudanar da aikin

Ba a fara da saiwar da aka tono daga gona, domin tana cike da bakteriya da fumfuna ciki da waje. Da iri ake farawa. Akan tsoma shi cikin barasar gwaji mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 na ɗan lokaci kaɗan, sannan cikin ruwan bilic da aka surka, a ɗauraye sau da yawa da ruwan da aka dafa a tukunyar matsi. Irin da ke da taurin ɓawo, kamar na gawo da bagaruwa, sai an ɗan kankare shi ko an jiƙa shi da asid kafin ya sha ruwa. Bayan ya tsira a kwalba da mako ɗaya zuwa biyu, sai a yanke saiwarsa gunduwa-gunduwa, kowace kamar santimita ɗaya, a ƙarƙashin iskar da aka tace.

Abincin reno yakan ƙunshi sukari giram 20 zuwa 30 a lita, da aga kamar giram 8 idan ana son ya daskare, a daidaita tsaminsa kusa da 5.8, a dafa shi a zafin digiri 121 na minti 15 zuwa 20. Ɗakin reno kuma a riƙe shi a wajen digiri 25.

Akwai wani bambanci tsakanin abincin nan biyu da ya shafi dangin wake kai tsaye. Na Murashige da Skoog yana ɗauke da amoniyam naitiret miligiram 1,650 a lita, B5 kuwa amoniyam ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, mafi yawan naitirojinsa daga fotasiyam naitiret yake. Saiwoyi da yawa ba sa jure yawan amoniyam, shi ya sa masu renonsu kan zaɓi B5, ko su rage ƙarfin na farkon zuwa rabi ko ƙasa da haka. Wanda ya ɗauki abincin taba ya zuba wa saiwar wake bai taɓa komai a ciki ba, idan ta ƙi girma kada ya ɗora laifin a kan tsiron.

Daga nan aiki kan kasu mataki biyu. A fara ajiye yankan a kan abinci mai oksin, kamar 2,4-D ko NAA, na 'yan kwanaki, sannan a mayar da shi kan mai saitokainin, kamar BAP ko TDZ, a fito da shi haske na awa 16 a rana. Wanda ya taɓa bin faranti irin wannan kullum ya san abin da ido ke nema. Da fari yankan fari ne fat. Sai bakin da ya fi kusa da kara ya fara kumbura, fatar ta tsage, launin ya koma ruwan ƙwai sannan kore-kore. A cikin tsagar ne ake hango wasu ƙananan ƙuraje masu santsi da sheƙi, kuma ranar da ɗaya daga cikinsu ya rabu gida biyu ya nuna alamar ganye, ranar ce aka san aiki ya kama. Idan kuwa abincin da ke kewaye da yankan ya fara yin ruwan ƙasa, shi kansa ya yi baƙi, to sinadaran da yake zubarwa daga rauninsa ne ke kashe shi, sai a gaggauta sauya masa faranti ko a sa garin gawayi na musamman a cikin abincin.

Tohon da ya fito sai a yanke shi, a sa masa IBA ya yi saiwar kansa, a saba masa da iskar waje sannu a hankali ƙarƙashin leda kafin a kai shi tukunya. Tsirrai da yawa a wannan mataki na ƙarshe suke mutuwa, domin ganyen kwalba bai iya riƙe ruwa ba.

4.0 Daga ina tohon ke fitowa?

An daɗe ana ɗauka cewa kowane sel na yankan ne ke mancewa da aikinsa ya koma kalus. Ayyukan da aka yi a kan tsiron Arabidopsis tsakanin 2007 da 2010, musamman na Che da na Atta da na Sugimoto da abokan aikinsu, sun gyara wannan fahimta. Akwai wani siririn zobe na sel da ke kewaye da hanyoyin ruwa a tsakiyar saiwa, ana kiran sa perisaikil, wanda daga shi ne rassan saiwa ke fitowa a ɗabi'a. Daga shi ne kalus ɗin ke tashi, kuma a farkonsa yana bin tsarin reshen saiwa ne sak. Oksin ke tayar da shi, saitokainin kuma ya karkatar da shi ya zama toho, amma sai idan ya iske shi a ɗan taƙaitaccen lokacin da bai riga ya tsaya a kan zama saiwa ba.

Wannan ya bayyana abubuwa biyu. Tsawon kwanakin da yanka ya yi a matakin farko yana da nauyi daidai da yawan sinadarin da aka sa. Kuma tsiron da a rayuwarsa ta daji perisaikil ɗinsa ya saba fitar da toho, hanyar a buɗe take tun asali, mai gwaji kawai tura shi yake yi.

5.0 Inda aka ci nasara

Misali mafi ƙarfi shi ne Lotus corniculatus, wata ciyawar kiwo ta ƙasashen sanyi. Saiwarta kan yi toho da kanta, har ma ba tare da an sa sinadari ba. Ta wannan hanya ce a 1986 Jensen da abokan aikinsa suka shigar mata da wani ɓangare na ƙwayar gadon waken soya, suka fitar da cikakken tsiro, suka nuna cewa ƙwayar tana aiki ne a cikin ƙululai kaɗai. A 1998 kuma Ryo Akashi na Jami'ar Miyazaki ta Japan da abokan aikinsa suka ba da rahoton wata zuriya ta wannan ciyawa da saiwarta ke girma ba ƙaƙƙautawa a cikin ruwan reno marar sinadarin girma, kuma mai gwaji na iya juya ta yadda ya so, ko ta ci gaba da zama saiwa ko ta fitar da tayin tsiro. Ba wani sabon abinci ne ya kawo wannan ba. Zaɓo ta aka yi daga cikin 'yan'uwanta.

A 2003 Lombari da abokan aiki a Italiya sun nuna cewa yankan saiwar Lotus japonicus ma yana karɓar ƙwayar gado kuma yana toho. A 2006 Crane da abokan aiki suka yi makamancin haka da Medicago truncatula. Amma ko a wannan tsiro, zuriyoyi ƙalilan ne ke amsawa da kyau, irin su R108 da 2HA, sauran kuwa sai a hankali.

Labarin alfalfa ya fi kowanne koyar da darasi, kodayake ba a kan saiwa aka yi shi ba. Saunders da Bingham sun fitar da tsiro daga kalus ɗinta a 1972, amma tsirrai kaɗan ne ke amsawa. Maimakon ya yi ta sauya sinadarai, Bingham ya ɗauki waɗanda suka amsa ya haɗa su aure, ya sake zaɓa. Zagaye biyu kacal suka ɗaga adadin masu amsawa daga kashi 12 zuwa kashi 67 cikin 100, aka samu zuriyar Regen-S a 1975. Ikon sake tsirowa gado ne, ana iya kiwonsa kamar yadda ake kiwon juriyar fari. A ganina wannan shi ne abin da ɗalibanmu suka fi sakaci da shi. Za ka ga kundi guda ya gwada haɗin sinadari ashirin a kan irin wake guda ɗaya, alhali da ya gwada haɗi uku a kan iri ashirin da ya fi kusa da gano wani abu.

6.0 Wake

Wake shi ne ya fi damun mu, kuma a kansa ne ya kamata a faɗi gaskiya ƙarara. Saiwarsa tana yin kalus, tana yin rassa, amma babu wata hanya tabbatacciya ta fitar da toho daga gare ta. Nasarar da aka samu ta zo ne daga wani wuri daban, wato gaɓar da ganyen iri ya haɗu da kara, inda akwai idon toho tun asali. Da ita Popelka da T. J. Higgins da abokan aikinsu a cibiyar CSIRO ta Ostireliya suka yi amfani a 2006 suka samu waken da ya karɓi ƙwayar gado kuma ya gadar wa 'ya'yansa. Daga wannan aiki ne, tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku da gidauniyar AATF, aka kai ga SAMPEA 20-T mai jure tsutsar Maruca, wanda aka saki ga manoman Nijeriya a Disambar 2019.

Wannan bai sa saiwar wake ta zama marar amfani a ɗakin gwaji ba. Akwai bakteriyar Agrobacterium rhizogenes, wadda idan ta shiga rauni takan sa tsiro ya fitar da saiwoyi masu yawan gashi, ɗauke da ƙwayar gadon da aka ɗora mata. Ana iya barin karan wake yadda yake, a sauya saiwarsa kawai, cikin 'yan makonni. Ga wanda ke yaƙi da wuta-wutar wake, Striga gesnerioides, wadda ke manne wa saiwa tana tsotse ta, wannan babban makami ne. Li da Timko na Jami'ar Virginia sun gano ƙwayar gadon RSG3-301 a 2009 a jikin waken B301 na Botswana, mai jure nau'in wuta-wutar da ke addabar Nijeriya da Nijar, kuma a 2012 ɗakin gwajin nasu ya nuna yadda za a yi nazarin wannan faɗa a kan irin waɗannan saiwoyi. Sauyin ba ya shiga iri, don haka ba ya samar da sabon wake, amma yana amsa tambaya cikin wata biyu maimakon shekara biyu.

7.0 Gawo

Duk manomin da garma ta taɓa yanke masa saiwar gawo ya san abin da ke biyo baya: bayan wani lokaci sai ga ɗan toho mai ƙaya ya ɓullo a wurin, taku da yawa daga gindin uwar. Abin da sashe na huɗu ya bayyana ke nan a fili. Gawo, Faidherbia albida, yana daga cikin tsirran da hanyar toho daga saiwa take buɗe gare su. Kuma an gwada shi a kwalba. A 1994 Ahée da Duhoux sun nuna cewa ana iya renon saiwarsa, a riƙa yanko ta ana fitar da toho daga gare ta.

Darajar gawo ba ta bukatar dogon bayani. Yana zubar da ganye da damina, ya bar gero da dawa su sha rana a ƙarƙashinsa, ya yi kore da rani lokacin da dabba ba ta da abin ci, 'ya'yansa kuma abinci ne mai gina jiki ga awaki da tumaki. Sarakunan Damagaram sun kare shi da doka mai tsanani tun ƙarni na 19. A yankunan Maraɗi da Damagaram, inda manoma suka farfaɗo da itatuwa a kan fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980, gawo na cikin waɗanda suka fi yawa. Dupuy da Dreyfus kuma sun tarar da bakteriyar Bradyrhizobium a ƙarƙashinsa a Senigal har zurfin fiye da mita 30 a 1992.

Matsalarsa ita ce iri. Ƙwari ne ke haɗa furensa da na wasu itatuwa, don haka 'ya'yan uwa ɗaya kan fito da hali daban-daban: wani ya yi saurin girma, wani ya tsugune shekaru, wani ya yi 'ya'ya jingim, wani kaɗan. Reshen babban itace kuma ba ya yin saiwa da sauƙi idan aka dasa. Tohon da ya fito daga saiwa kuwa yakan zo da halin ƙuruciya ko da uwar ta tsufa, yana saurin kamawa, kuma gadonsa na uwar ne tsantsa. Nan ne renon saiwa ke da abin bayarwa da wata hanya ba ta da shi. Ana iya zuwa ga itacen da manoma suka shaida da kyau, a tono guntun saiwarsa mai kaurin yatsa, a binne a yashi mai ɗanɗano har ya yi toho, a tsarkake tohon a shigar da shi kwalba, ya yi saiwa mai tsabta, daga ita kuma a yi ta ninkawa.

Akwai ma ƙarin dalili. A ƙarshen 2022 Cao da abokan aikinsa a Sin suka bayyana wata dabara ta yanke tsiro, a tsoma raunin cikin Agrobacterium rhizogenes, a bar saiwoyin da suka fito su yi toho da kansu a cikin tukunya, ba kwalba ba ɗakin reno. A kan tsirrai masu toho daga saiwa suka nuna tana aiki, kuma cikin waɗanda aka gwada har da Coronilla varia, ɗan dangin wake. Gawo ya cika wannan sharaɗi, ya cancanci a gwada shi.

8.0 Abubuwan kiyayewa

Tsiron da ya bi ta kalus yakan fito da sauye-sauyen gado da ba a nema ba, abin da Larkin da Scowcroft suka yi wa bayani a 1981. A wake ana gane tawaya cikin damina guda a jefar. A gawo sai bayan shekaru, lokacin da manomi ya riga ya ba shi wuri a gonarsa. Don haka a itace toho kai tsaye daga saiwa ya fi, ko da adadin zai ragu, kuma a guji 2,4-D da dogon zama a kwalba.

Haka nan bai kamata a cika gari da 'ya'yan itace ɗaya ba. A ɗauko daga uwaye da yawa, daga wurare daban-daban, domin cuta guda kada ta share su tare.

Yanayin ɗakunanmu ma yana da ta cewa. Riƙe ɗaki a digiri 25 a watan Afrilu, lokacin da waje ya haura 40, yana bukatar wutar da ba ta yankewa, kuma yini guda na zafi ya isa ya lalata aikin watanni. Renon saiwa yana da ɗan sauƙi a nan, tunda matakinsa na farko ba ya son fitila, kuma ana iya yin sa a ruwa marar zurfi ba tare da injin jijjiga ba. Amma sanyaya ɗaki ba makawa, kuma duk wanda ke rubuta neman kuɗin bincike ya sa farantan hasken rana da batura a sahun farko, kafin sinadarai.

Abu na ƙarshe shi ne saiwar tsiron da aka fitar. Gawon da ya tsira daga iri yana tura doguwar saiwa guda ƙasa tun yana ƙarami, ita ce ke kai shi ga ruwa da rani, ita ce kuma ke hana shi gasa da gero. Tohon kwalba kuwa saiwoyinsa daga gindin kara suke fitowa, da yawa kuma gajeru. Ko ɗaya daga cikinsu za ta nitsa ta ɗauki aikin waccan, ko kuwa za su bazu a sama su ci abincin hatsi, sai an dasa a fili an tona an auna. Gwajin da nake ba da shawara shi ne a dasa 'ya'yan kwalba da 'ya'yan iri na uwa ɗaya gefe da gefe, a ƙasar jigawa da ta laka, a sa wa rabin kowane rukuni Bradyrhizobium tun a gandun reno, sannan a riƙa tono wasu a ƙarshen kowace damina na shekara uku ana auna zurfin saiwa da yawan ƙululai da lokacin zubar ganye, kafin a miƙa ko da tsiro guda ga manomi.